Zango Tsakanin Asibiti da Gida: Yadda Rayuwa Take a Gidan Murmurewa Daga Shaye-shaye

A Agege, da Idi-Araba, da Sabon Badun, da Shagamu, har Anacha da Fatakwal, idan yaro ya faɗa shaye-shaye maganar manya ɗaya ce: a mayar da shi gida. Sai a haɗa kuɗin mota, a damƙa shi hannun direban tirela ko wani ɗan gari mai komawa Arewa, a buga waya a ce yana hanya. Abin da ba a cika tsayawa a tattauna ba shi ne: idan ya sauka, wa zai karɓe shi, a ina zai kwana, me zai yi daga asuba zuwa dare?

Ni mutumin Duvu ne, a ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu ta jihar Adamawa, kuma ina cikin waɗanda ake turo wa irin waɗannan yara daga Kurmi. Na tattara wannan bayani ne don iyaye da iyayen gida da sarakunan Hausawa su san abin da ake nufi da gidan murmurewa, da yadda zama yake a cikinsa a watannin farko, da yadda za a bambanta shi da gidan mari.

Mene ne gidan murmurewa?

Gida ne na haya ko na iyali da mutanen da suka daina shaye-shaye ke zama tare, bisa sharaɗin ba mai shigo da kayan maye, ba kuma mai sha ko a waje. Ba a kwantar da majinyaci a nan, ba likita mai kwana, ba allura. Wanda ya shigo ya riga ya wuce matakin asibiti, inda aka fitar masa da gubar daga jiki. Yana fita aiki ko makaranta ko gona, ya dawo kan lokaci, ya biya kasonsa na cefane, ya yi shara ranar da ta zagayo kansa.

Ni dai zango nake kiransa, kamar na fatake: an baro inda aka taso, ba a kai inda za a ba, ana hutawa ana gyara kaya. Amfaninsa shi ne, kwana 30 ko 40 na asibiti suna wanke jiki, amma ba su isa su canza abokai da ɗabi'a da zaman banza ba. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka, NIDA, ta daɗe tana cewa kulawar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne, kuma kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani sukan sake komawa, kwatankwacin yadda hawan jini ko asma ke tashi bayan sun kwanta.

Girman matsalar

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne 'yan shekara 15 zuwa 64 suka yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda a Najeriya, wato kashi 14.4 cikin 100. Miliyan 10.6 tabar wiwi suka sha, miliyan 4.6 ƙwayoyi irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin. Cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce.

Kudu maso Yamma, inda yawancinku kuke, ita ce kan gaba da kashi 22.4. Arewa maso Gabas, inda Mubi take, tana da 13.6, Arewa maso Yamma kuma 12. Ka ga ke nan gida bai kai Ikko ba, amma kuma gida ba tsaf yake ba. Mubi gari ne na bakin iyakar Kamaru, mai babbar kasuwar shanu, ga ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da na jami'ar jiha. Ga kuma tabon da aka bari tun Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram ta kama garin mutane suka watse. Duk wanda ya sauka tasha da kuɗi a aljihu yana neman ƙwaya, zai samu. Sauya gari kawai ba magani ba ne.

Bambancinsa da gidan mari

Nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. A Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk shatar bulala. A Oktoba aka fasa wasu a Daura da Katsina. A Nuwamba aka fito da mutum 259 daga wani a unguwar Ojoo ta Badun. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biya duk wata, don ba su san wata hanya ba.

Ga alamomin da nake ba mutane su duba. A gidan murmurewa mutum da yardarsa yake zaune, ƙofa ba kwaɗo daga waje. Ba duka, ba sarƙa, ba horon yunwa. Iyaye na iya zuwa ba tare da sanarwa ba, su keɓe da ɗansu su yi magana. Idan likita ya rubuta masa magani, ba mai hana shi sha. Duk gidan da aka ce maka ba a ganin yaro sai bayan wata shida, ko aka ce ka kawo kuɗin mari, ka juya da ɗanka. Tun Janairun 2023 akwai sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta tanadi haƙƙin majinyaci na a kula da shi cikin mutunci.

Mari yana hana sha ne muddin yana ƙafa. Ranar da aka kwance, yaro ya fito da ƙishin ƙwayar yadda ya shiga da shi, ga ƙarin ƙiyayyar iyayensa.

Daga ina tsarin ya fito?

Wanda ya fi shahara a duniya shi ne Oxford House. A 1975, a garin Silver Spring na jihar Maryland ta Amurka, hukuma ta ce za ta rufe wani gidan da tsofaffin mashaya ke zaune. Sai mazaunan, cikinsu har da wani lauya Paul Molloy, suka karɓi hayar gidan da kansu. Suka kafa dokoki uku: gida na tafiya da ƙuri'ar mazauna, kowa na biyan kasonsa, wanda ya sha kuma ya fita nan take. Ba a yanka wa mutum wa'adin zama. Sabon shiga sai ya sami amincewar kashi 80 cikin 100 na 'yan gida, shugabanci kuma na wata shida ne. Yau irin waɗannan gidaje sun haura 3,000, har a Ghana an buɗe.

Masu bincike na jami'ar DePaul da ke Chicago, ƙarƙashin Leonard Jason, sun bi mutum 150 da aka sallama daga asibiti har shekara biyu. A sakamakon da suka fitar a 2006, cikin waɗanda suka zauna Oxford House kashi 31 ne suka koma sha, cikin waɗanda suka koma inda suka fito kuwa kashi 65. Waɗanda suka ƙare a kurkuku kashi 3 ne a ɓangaren farko, 9 a na biyu. Waɗanda suka yi wata shida ko fiye a gidan su suka fi tsira.

Mu ma muna da namu tarihin, kuma kusa da ku yake. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta: maimakon a kulle masu taɓin hankali, sai a kama musu ɗaki a ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da wani ɗan'uwansa, su zo ganin likita da rana su koma cikin jama'a da yamma. Tsarin ya yi suna har ƙasashen waje. Asibitin na Aro ya buɗe sashen kula da masu shaye-shaye a 1983. Darasin Lambo shi ne likita a kusa, ɗan'uwa a gefe, aiki a hannu, ƙofa a buɗe. Da shi muka yi aiki a gidanmu.

Abin da jiki ke ciki a farko

Mai shan tiramol ko kodin, idan ya tsaya, cikin yini guda jiki zai fara: ciwon gaɓoɓi, zufa, hamma, majina, zawo, amai, ido ya ƙi rufuwa. Abin ya fi tsanani a rana ta biyu da ta uku, ya fara sauƙi bayan mako guda. Tiramol na ƙara wa wasu firgita da gane-gane. Mai wiwi yakan yi kamar mako biyu yana masifa, ba barci ba cin abinci.

Mai shan roci ko diyazafam ko giya mai yawa kullum, shi nasa daban ne: tsayawa kwatsam na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har a rasa rai. Irin wannan likita ne ke rage masa a hankali. Kada a kulle shi a ɗaki a ce ya daure. Shi ya sa asibiti ke zuwa kafin gidan murmurewa.

Bayan wannan sai doguwar tafiya ta soma, wadda ita ce aikin gidan. Watanni biyu zuwa uku, wani ma fiye, barci a guntule, abu kaɗan ya fusata shi, abinci ba daɗi, hira ba daɗi, ƙwallo ma ba daɗi. Ƙwaƙwalwa ta saba da daɗin da ake sayowa, sai a hankali take komawa jin na yau da kullum. Sha'awar ƙwayar takan taso kamar guguwa, yawanci ta lafa cikin rabin awa idan akwai wanda za a gaya wa. Masu gida su sani wannan ba lalaci ba ne, ba kuma aljanu ba.

Yini guda a gidan

A gidanmu na gado a Duvu mun riƙe samari uku a damina ɗaya: ɗan yayana da aka turo daga Agege bayan ya yi mako shida a asibiti, da wasu biyu 'ya'yan dangi. Muka ba su ɗakunan samari na kusa da zaure, ƙanena yana kwana a ɗakin da ke kallon ƙofa. Jadawalin a bango yake.

Asuba kowa ya tashi, ko ya yi barci ko bai yi ba. Salla, shara, ɗebo ruwa, koko. Daga nan gona, noman masara da gyaɗa da wake, har rana ta take. Bayan azahar hutu. Bayan la'asar ɗaya na zuwa wajen kafinta, biyu ƙwallo ko ban ruwan dabbobi. Magariba ta sami kowa a gida. Bayan isha a zauna a tabarma kamar minti 30, kowa ya faɗi yadda yininsa ya kasance: me ya tayar masa da sha'awa, wa ya gani, me ya yi. Mutanenmu na nan Musulmi da Kirista ne a gida ɗaya. Na masallaci ya je masallaci, na coci ya je coci, da rakiya.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne tsakanin la'asar da isha, lokacin majalisa da teburin mai shayi, sai kuma ranar kasuwa da ranar biki. A wata na farko ba mai shiga cikin Mubi shi kaɗai. A na biyu ana aiken mutum da ɗan kuɗi a ga ya dawo da canji. A na uku yana fita shi kaɗai ya faɗi inda za shi.

Zaman tabarmar nan shi ne ƙashin bayan gidan. A mako na uku ɗan yayana ya ce min, "Baffa, wallahi yau da na ga ɗan keke ya ɓare sacet a bakin titi, sai da ƙafata ta yi rawa." Kafin in buɗe baki, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nasa ya ce shi ma haka ya ji a makonsa na uku, kuma ya wuce. Wannan maganar ta fi duk wa'azin da zan yi, don daga bakin wanda ya ɗanɗana ta fito. Abin da ya sa gidan mutum uku ya fi na mutum ɗaya ke nan.

Dokokin da ba a sassautawa

A rubuta su, a karanta a gaban kowa, mai shigowa ya ce ya yarda.

Ba kayan maye kowane iri, har da maganin tari da na barci daga kemis, sai da takardar likita. Maganin da likita ya rubuta yana hannun babba, shi ke bayarwa.

A canza layin waya. Tsohon layi cike yake da lambobin dillalai da abokan sha, kuma daga Agege zuwa Duvu kira ɗaya ne, kuɗi kuma ta waya suke tafiya.

Lokacin dawowa gida ɗaya ne ga kowa. Baƙo a zaure yake tsayawa.

Gwajin fitsari ba tare da sanarwa ba. Ana yi a asibitoci da ofisoshin NDLEA. A faɗa wa mai gwajin a fili cewa tiramol ake nema, don gwajin gama-gari ba ya cika kama shi.

Ba gori. Ba mai kiran wani ɗan ƙwaya, ko a wasa, ko daga cikin gida wajen mata da yara. Dokar nan manya ta fi shafa, kuma ita ta fi wuyar kiyayewa.

Ranar ganin likita ba a ɗaga ta don noma ko biki. Daga Mubi zuwa Yola kusan kilomita 200 ne, don haka a ware kuɗin motar tun farko.

Kuɗi da aiki

Yawancin yaranmu na Kudu ba don nishaɗi suka fara ba. Ɗan dako a Mil 12, ɗan acaba, mai tura baro, mai rakiyar shanu daga Mubi zuwa Ikko kwana da kwanaki a kan tirela, an ce masa ƙwaya ɗaya za ta kashe gajiya. Likita ba ya wuce miligiram 400 na tiramol a yini, amma na bayan fage ƙwaya ɗaya 225 ce, wasu kuma biyar ko fiye suke watsawa. Don haka idan za a samar masa aiki, kada ya zama irin wanda ya jefa shi ciki. Sana'ar hannu mai lokacin tashi ta fi: kafinta, ɗinki, walda, gyaran waya, kiwo.

Ku masu turo kuɗi daga Kudu, ku turo wa mai riƙon, kada ku turo wa yaron. Uwa takan ji tausayi ta aika masa a ɓoye. Wannan kuɗin shi ya fi rusa gida. Abin da ya samu da guminsa a raba uku: cefane, ajiya a hannun babba, da ɗan abin kashewa. Biyan kaso na cefane, ko ƙanƙane ne, yana mayar wa mutum mutuncinsa.

Idan aka koma

Zai iya faruwa, kuma a shirya masa tun kafin ya faru. Abu na farko da kowa zai sani: bayan wata biyu ba sha, jiki ya daina jure adadin da ya saba. Idan ya sha irin na da, zai iya yin jijjiga ko numfashi ya tsaya. Wanda aka samu ba ya farkawa, numfashi sama-sama, leɓe ya canza launi, a kwantar da shi ta gefe a garzaya asibiti, a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha. Kada a ɗura masa madara ko manja. Akwai allurar naloxone da ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi.

Na biyu, wanda ya sha ba zai kwana da sauran ba a daren, don kare su. A Oxford House korarsa ake yi. A gidan iyali ba ma jefa ɗanmu titi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A mayar da shi wajen wani kawu, a koma wa likita, a binciki abin da ya jawo, sannan ya dawo ya fara ƙirga kwana daga ɗaya. Cikin ukun da muka riƙe, ɗaya ya zame a wata na biyu, ranar wani biki. Ya dawo, ya ƙarasa.

Mata fa?

Tun kafin shirin BBC na Afrilun 2018 kan kodin, wanda ya sa gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, an san matan aure da 'yan mata na ciki. Su ɓoye su ake yi don gudun rasa miji, har abin ya yi nisa. Tsarin ɗaya ne, sai dai gidan mata ne zalla, ƙarƙashin goggo ko inna mai haƙuri da riƙe sirri. Mai ciki ko mai shayarwa kada ta tsaya kwatsam sai da likita.

Kafin a sa yaro a mota

A fara da asibiti, kuma a Kudu sun fi kusa da ku: asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya na Yaba, da Aro, da Benin, da Inugu, da Kalaba. A Arewa akwai na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, kuma tun Janairun 2021 Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya ke shugabanta, ɗan Michika maƙwabtanmu kuma tsohon gwamnan soja na Legas, tana da sashen ba da shawara a ofisoshinta na jihohi. A 2022 ta buɗe layin kira kyauta, 0800 1020 3040, ana amsawa da Hausa.

Sannan a amsa tambayoyi huɗu. Wane ne, da sunansa, ya yarda zai riƙe shi? Wane aiki ke jiransa? Wane likita zai ci gaba da gani? Wa zai biya, har wata nawa? Idan babu amsa, gara ya zauna kusa da asibitin da ya san shi.

Ba dole ne ma sai an turo Arewa ba. Ƙungiyar 'yan kasuwa ko fadar Sarkin Hausawa na iya kama gida mai ɗaki uku nesa kaɗan da tasha da kasuwa, a sa dattijo ɗaya mai amana, a haɗa shi da asibitin Yaba ko Aro, a zuba samari shida da aka sallama. Kuɗin da ake kashewa wajen beli a ofishin 'yan sanda ya isa ya fara.

Wanda ya murmure a gida kuma kada a yi gaggawar mayar da shi. Wata shida shi ne mafi ƙaranci, shekara ta fi. Idan zai koma, ya sauka a wata unguwa daban, da wani ubangida daban, kuma wanda ya riƙe shi ya ci gaba da kiransa duk mako. Allah Ya shirya mana zuri'a.